Daga rumfar tattasai zuwa ajin adabi: Abin da 'ya'yan Diffa ke koyowa game da wariya da bauta

Duk wanda ya san kasuwar Diffa ya san aikin da buhun tattasai da kwalin banda suke yi a gida ya wuce na tuwo da miya. Da ribarsu ake biya wa yaro kuɗin mota zuwa Damagaram ko Yamai, da ita ake saya masa katifa da 'yar wayar hannu, da ita kuma ake aika masa 'yan jikkuna idan tallafin ɗalibai ya makara. Idan aikin likita yake karantawa ko aikin gona, uwa ba ta yawan tambaya, domin ta san inda aka dosa. Amma da zarar an ce mata adabi yake karantawa, wato littattafan labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo, sai ka ga ta yi jim, daga baya ta juya ga maƙwabciyar rumfarta tana tambaya ko duk wannan wahala an sha ta ne don ya je ya koyo tatsuniya.

Tambaya ce mai kyau, kuma wadda ta biya kuɗin ta cancanci a ba ta amsa. Shi ya sa a yau muka ɗauko darasi guda daga cikin waɗanda ɗaliban adabi ke yi, wanda ya shafi wariyar launin fata da bauta da neman adalci, domin mu ga abin da ake karantawa a ciki, da kuma yadda yake taɓa yaro ko yarinyar da ta tashi a bakin Komadugu.

Inda ake karatun

Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ta fi ƙarfi a fannin noma da muhalli. Saboda haka mai son adabi yakan nufi Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tafiyar sama da kilomita 1,300 daga gida. Masu karatu da Faransanci sukan haɗu da marubuta baƙar fata na Afirka da na tsibiran da Faransa ta mallaka, masu karatu da Ingilishi kuwa sukan haɗu da na Amurka da Afirka ta Kudu da Najeriya. Ko ta wace ƙofa ɗalibi ya shiga, zai tarar da tambaya guda tana jiransa: yaya aka yi mutum ya mai da ɗan'uwansa mutum kamar haja, kuma wace hujja ya ba kansa har ya iya barci?

Karatun ba shi da sauƙi. Littattafan suna da tsada, sau da yawa kwafi ɗaya ake zagayawa da shi, ko a kai wa mai injin hoto ya buga shafi-shafi, ko a karanta a fuskar waya har ido ya yi ja. Ga kuma harshe, domin yaron da ya tashi da Barbarci ko Fulatanci ko Hausa yana karanta ciwon kakanninsa ne da harshen wanda ya mulke su.

Zangon farko: fushi

Makonnin farko su ne masu daɗin aji. A nan ɗalibi ke jin labarin Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa a Amurka, ya koyi karatu a ɓoye, ya gudu a 1838, sannan ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa a 1845. A nan yake jin cewa ko da aka hana bauta a Amurka a 1865, sai da aka yi kusan shekara 100 baƙi ba ya cin abinci inda fari ke ci, ba ya zama inda fari ke zama. Wata mai ɗinki ce, Rosa Parks, ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a cikin motar haya a garin Montgomery a 1955. Da aka kama ta, baƙaƙen garin suka ƙaurace wa motocin har kwana 381 suna tafiya a ƙasa. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin ma'anar wannan, domin idan masu saye suka juya wa rumfa baya, mai rumfa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Daga nan a gangaro Afirka ta Kudu, inda aka yi mulkin wariya a hukumance daga 1948 zuwa 1994. Sai kuma ɓangaren Faransa, inda a shekarun 1930 wasu ɗalibai uku a birnin Paris, Léopold Senghor na Senegal da Aimé Césaire da Léon Damas, suka fara rubutu don nuna cewa baƙin fata ba abin kunya ba ne. Ɗalibinmu yakan ji kamar da shi ake, domin su ma ɗalibai ne a baƙon gari, nesa da gida. Zai koyi cewa a ƙasashen da Faransa ta mallaka, kwamanda na iya ɗaure talaka ba tare da shari'a ba, kuma aikin tilas bai ƙare a doka ba sai a 1946. Zai ji abin da ya faru a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, inda sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi suka nemi a biya su haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

A wannan zango bakin aji ɗaya ne. Babarbare da Bafillatani da Batube da Bahaushe da Bazabarme duk fushinsu guda, domin mai laifin yana nesa, kuma fatarsa daban.

Ɗan Gudumariya

Abin da ke ƙara wa 'yan Diffa ƙarfin gwiwa shi ne ranar da aka zo kan Abdoulaye Mamani, domin ɗan jiharsu ne. A Gudumariya aka haife shi a 1932. Ya yi siyasa a jam'iyyar Sawaba, ya yi shekaru yana gudun hijira a ƙasashen waje, ya dawo gida ya sha ɗauri, sannan a 1980 ya fitar da littafinsa Sarraounia. Ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Littafin ya ginu ne a kan abin da ya faru da gaske. A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka ratso ƙasar nan da runduna suna neman isa tafkin Chadi, suna ƙona garuruwa suna kashe mutane. Abin da suka yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. A Lugu, ƙasar Arewa, Sarauniya Mangu ta tare su da mayaƙanta. A watan Yuli na wannan shekara sojojinsu da kansu suka kashe su biyun a yankin Tasawa, kaburburansu suna Maijirgi. Sauran rundunar ta ci Damagaram, ta wuce har bakin tafki ta wajen N'Guigmi, kafin a haɗu a Kusiri inda aka kashe Rabeh ranar 22 ga Afrilu 1900. Wato ke nan ƙurar wannan tafiya ta bi ta ƙasar Diffa. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987.

Ga 'yan mata musamman, wannan darasi yana da wani daɗi na daban, domin mace ce a tsakiyar labarin, kuma wanda ya rubuta shi ya sha ruwan rijiyoyin da suka sani.

Littattafan sun juyo gida

To amma Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan karatu ya yi nisa, sai littattafan su fara ambaton garuruwan da ɗalibi ya sani, kuma masu kamawa da masu sayarwa su zamo mutanen ƙasa.

Ga Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. A Kukawa aka haife shi wajen 1836, mahaifinsa Barka Gana babban jarumi ne na Shehu Laminu. Yana saurayi mahara suka kama shi, aka sayar, aka ƙetara hamada da shi zuwa Murzuk da Tarabulus, daga hannu zuwa hannu har Santambul da Rasha. Daga baya ya isa Amurka a matsayin ɗa, ya shiga soja a 1863 a yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a can, ya kuma buga tarihinsa a 1873.

Ga Ali Eisami, ɗan malami daga yankin Birnin Gazargamu, tsohon babban birnin Borno da kufansa ke kusa da kogin nan namu ta ɓangaren Najeriya. Bayan faɗuwar birnin a 1808 aka kama shi, aka yi ta cinikinsa ta ƙasar Hausa har ƙasar Yarbawa, aka saka shi a jirgin bayi. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku, aka sauke shi a Saliyo a 1818, inda daga baya ya ba da labarinsa da Barbarci aka buga a 1854.

Ga Dorugu, ɗan manomi daga wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi, aka kai shi Kukawa, inda wani Bajamushe matafiyi ya 'yanta shi. Ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, sannan har Ingila a 1855. Labarin da ya bayar da Hausa yana cikin littafin Magana Hausa na 1885.

Ga kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labarin yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi, da uwar da ta bar gida tana nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Duk uwar da ta taɓa neman ɗanta a cikin cunkoson kasuwa, ko na minti goma ne, ta san rabin wannan labari.

Abin da ɗalibi ke fahimta daga waɗannan huɗu abu ne mai sauƙin faɗi, mai nauyin ɗauka. Ɗan jarumi ya zama bawa, ɗan malami ya zama bawa, ɗan manomi ya zama bawa. Abin da ya raba wanda aka kama da wanda ya tsira shi ne wanda hari ya rutsa da shi a daji ranar nan, da wanda ya kwana a cikin ganuwa. Kuma masana na ƙasar nan sun daɗe da sanin haka. Tun wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Borno ya rubuta wa Sarkin Masar Barkuk takarda yana kukan cewa ana kama talakawansa, 'ya'ya kuma Musulmi, ana sayarwa a kasuwannin Masar da Sham. A 1615 kuma Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya ba da fatawa cewa baƙin fata ba hujjar bautar da mutum ba ce, har ya ambaci Borno da Kano da Katsina cikin ƙasashen da ba ya halatta a bautar da mutanensu.

Ranar da aji ke yin tsit

A nan ne hayaniyar makonnin farko ke mutuwa. Dalili kuwa a fili yake. A benci guda ana iya samun jikan wanda ya mallaki bayi da jikan wanda aka mallaka, kuma sau da yawa kowannensu ya san matsayin da ake ba gidansu a garinsu, ko da ba a faɗa. Wani yakan kare kakanninsa da cewa bautar gida ba irin ta Amurka ba ce, ai bawa yana zama kacalla ko babban bafade, har ya fi 'ya'ya iko. Wani ya amsa masa cewa wanda aka raba da uwarsa a kasuwa bai damu da ko wace ƙasa ce ta fi sauƙin bulala ba. Wata kuma ta yi shiru har a tashi, domin ta tuna auren yayarta da aka fasa bayan an aika tsofaffi binciken asali.

Malamin da ya san aikinsa ba ya barin maganar ta tsaya a kan kakanni, yakan kawo ta zamaninmu. A 2003 Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuffuka, hukuncinta ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta daɗe tana wannan gwagwarmaya. Sannan ga shari'ar Hadijatou Mani daga jihar Tawa, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jikka 240, aka mai da ita wahaya, wato macen da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, ba aure ba sadaki. Ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2019 babbar kotun ƙasa ta tabbatar da cewa wahaya ta saɓa wa doka. Idan mai karatu bai manta ba, a ƙarshen 2017 duniya ta ga hoton bidiyo na baƙaƙen fata 'yan ci-rani ana gwanjonsu a Libiya, ƙasar da aka ratsa da ɗan Barka Gana sama da shekara 160 kafin nan.

Jikka 240. Duk Hajiyar da ke sarin tattasai ta san buhu nawa wannan kuɗi ke saye.

Kuɗin goro

Akwai darasi na uku, wanda ɗan Diffa ke ganewa tun malami bai gama bayani ba. Wariya takan fara ne daga kuɗin goro, wato a ɗauki laifin mutum ɗaya a shafa wa dukan danginsa ko ƙabilarsa. A watan Oktoba na 2006 gwamnati ta sanar da cewa za ta mayar da Larabawan Mahamid na jihar Diffa ƙasar Chadi, bisa rigimar rijiyoyi da makiyaya, amma cikin 'yan kwanaki ta janye maganar. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur, an tsayar da cinikin kifi da tattasai na tsawon lokaci, kuma a watan Mayu aka kwashe mazauna tsibiran tafki, dubban mutane suka fito a ƙafa. Masu karanta wannan shafi ba sa buƙatar a tuna musu asarar da aka yi. Abin da ya kamata a tuna shi ne yadda a waɗannan shekaru zargi ya riƙa faɗawa a kan al'umma sukutum, masuntan Buduma da samarin ƙauyukan bakin kogi, alhali su ne suka fi kowa shan wuyar 'yan bindigar. Har yau akwai bakin da ke furta kalmar ɗan gudun hijira kamar zagi.

Ɗalibin da ya karanta yadda ake tsayar da baƙi a titin Amurka saboda fatarsa kawai, idan ya tuna yadda aka riƙa kallon ƙaninsa saboda harshensa ko sunan ƙauyensu, ba ya buƙatar ƙamus.

Wannan bai hana wasa ba. Barkwancin da ke tsakanin Barebari da Fulani gado ne mai kyau, har hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Bambancin shi ne a wasan taubasai kowa na da bakin ramawa, a tashi ana dariya. Goron asali kuwa mutum ɗaya ke dariya, ɗayan ya tafi gida da abin a ransa.

Idan ya dawo hutu

Saboda haka, iyayenmu mata da alhazan kasuwa, idan yaro ya dawo hutu ya fara tambayar me ya sa ba a aure da gidan su wane, ko me ya sa 'yar aikin gida ke cin abinci ita kaɗai a bayan ɗaki, ko nawa ake biyan yaran da ke tsinkar tattasai a gona, kada a yi saurin cewa boko ya ɓata shi. Kuɗinku ne ke aiki. Shi ma ɗalibi ya sani cewa ba a gyara gida da ɗaga wa uwa murya, kuma wanda ya karanta littafi goma bai fi wadda ta yi shekara talatin a rumfa sanin halin mutane ba.

Abin da ya fi shi ne a sa shi ya ba da labarin littafin da harshen gida, bayan sallar isha'i, kowa ya ji. Labarin Dorugu da na Shaihu Umar ma da Hausa suke tun asali. Idan maganar aure ta taso, a binciki hali da sana'a da riƙon amana, domin su ne za a zauna da su. Idan aka ga an kawo yarinya gidan wani ba ɗaurin aure ba dangi, a sani cewa doka ta hana, kuma akwai inda ake kai ƙara. A kasuwa kuwa, mun riga mun san ƙa'idar: bashi ana ba mai biya ne, ko daga wane gida ya fito, kuma mudu ɗaya ake auna wa kowa.

Game da abin da zai ci da wannan karatu, daga cikin masu adabi ake samun malaman makaranta da 'yan jarida da ma'aikatan gidajen rediyo da tafintoci, kuma tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, masu iya juya magana daga wannan harshe zuwa wancan ba za su rasa abin yi ba. Wataƙila a cikin yaran da tattasai da banda ke ɗauke da karatunsu yau akwai wanda zai rubuta abin da ya faru a bakin Komadugu daga 2015 zuwa yanzu, kamar yadda ɗan Gudumariya ya rubuta na 1899, domin jikokinmu su ji daga bakin na gida.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.